Wa Ke Sauraren Wayarmu? Sirrin Malami da Kunnen Hukuma

Jawabin da aka gabatar a taron haɗin gwiwa na malaman ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo

 



Akwai wata kalma da ta yawaita a bakinmu a 'yan shekarun nan. Malami zai kira ɗan'uwansa daga Getso ko Garo, su gaisa, su tambayi iyali, amma da zarar zance ya gangaro kan ƙarin girman da aka riƙe, ko kuɗin da aka zaftare daga albashi, sai ɗayansu ya ce: "Bari sai mun haɗu, wannan ba ta waya ba ce." Da yawanmu mun faɗe ta, kuma dukkanmu an faɗa mana. Babu wanda ya taɓa nuna mana takardar da ta ce ana sauraren mu, amma kowa ya koyi rage murya. Wannan rage muryar ita ce dalilin jawabinmu na yau, domin ƙungiyar ƙwadago ba ta da wani jari da ya wuce damar 'ya'yanta su tattauna damuwarsu ba tare da fargaba ba.

Abin da doka ta ba mu

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lamunce wa kowane ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na tarho, da saƙonninsa na waya. Sashe na 40 kuma ya ba shi 'yancin shiga ƙungiya, har da ta ƙwadago, don kare muradunsa. Sai dai sashe na 45 ya buɗe ƙofa: ana iya taƙaita waɗannan 'yanci da doka saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu, muddin taƙaitawar ta dace da al'ummar da ke bin tafarkin dimokuraɗiyya. Duk gardamar da ake yi a kan sauraren waya, a kan faɗin wannan ƙofa ake yin ta.

Tun kafin tsarin mulki, tarbiyyarmu ta riga ta yanke hukunci. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani sai da sallama da izini. Ginin gidan Bahaushe ma shaida ne: baƙo yana tsayawa a zaure, ba ya zarcewa tsakar gida sai an yi masa iso. Idan muka roƙi Allah rufin asiri, ba don mun aikata laifi muke roƙo ba. Mun dai san cewa mutunci ba ya tsayawa idan kowa yana ganin komai. Wayar da ke aljihunmu a yau ta tattara abin da a da yake cikin ɗaka da adaka: bashin da ake bin mu, rashin lafiyar iyali, saɓanin aure, da ra'ayinmu a kan masu mulki.

Sa ido ba baƙo ba ne a ƙasar Kano

Marigayi Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kamar mu, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950, magoya bayanta sun san abin da ake nufi da 'yan rahoto. Mutum zai yi magana a kasuwa ko a majalisa, kashegari ya tsinci kansa gaban alƙali. Amma ɗan rahoto mutum ne, yana gajiya, yana mantuwa, wani lokaci ma yana jin kunya, kuma ba ya iya zama a majalisa goma a dare ɗaya.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976 aka kafa hukumar tsaro ta NSO. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe ta, ta raba aikinta gida uku: hukumar tsaro ta farin kaya da muke kira SSS ko DSS, da hukumar leƙen asirin ƙetare ta NIA, da ta leƙen asirin soja ta DIA. Shugaban farko na hukumar farin kaya ɗan wannan yanki namu ne, Alhaji Isma'ila Gwarzo, wanda daga baya ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro a zamanin Janar Abacha. Daga 2018 zuwa 2024 ma wani ɗan Jihar Kano, Alhaji Yusuf Magaji Bichi, shi ya riƙe hukumar. Mun kawo wannan ne don mu tuna cewa ma'aikatan tsaro 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, da yawansu ma ta hannunmu suka koyi karatu. Ba gaba muke yi da su ba. Abin da muke tambaya shi ne iyakar da doka ta gindaya wa kayan aikin da aka damƙa musu, domin na'ura ba ta gajiya, ba ta mantuwa, kuma tana iya zama a majalisa miliyan a dare ɗaya.

Abin da aka saya, da abin da aka tanada

A watan Afrilun 2013 jaridar Premium Times ta ba da rahoton cewa gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba kamfanin Elbit Systems na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 don sa ido a kan abin da 'yan Najeriya ke yi a intanet. Wata biyu bayan haka Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar NSA ta Amurka ke tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutanen da ba a zarge su da komai ba. A watan Disamban 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ta gano alamun suna amfani da na'urorin kamfanin Circles. Waɗannan na'urori suna bi ta wani rauni da ke cikin tsarin da kamfanonin waya ke haɗuwa da juna, su gano inda mutum yake, su tari kiransa da saƙonsa, ba tare da sun taɓa wayarsa ba. Tun kafin nan jaridu sun ruwaito cewa wasu gwamnonin kudancin ƙasar nan sun sayi irinsu don bibiyar abokan hamayyarsu na siyasa. Sai kuma a watan Yulin 2021, Majalisar Tarayya ta amince da ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi wanda ya ware wa hukumar NIA kusan naira biliyan 4.87 don tarar saƙonnin WhatsApp da kiran wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya.

Ta fuskar doka kuwa, dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan masu layi da na zirga-zirgar kiransu har shekara biyu, su kuma miƙa su idan jami'an tsaro suka nema. A 2019 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin sauraren waya bisa doka. A ƙa'ida sai da takardar izinin alƙali, amma idan ana ganin rai na cikin haɗari, ko tsaron ƙasa na fuskantar barazana, ana iya fara saurare kafin izini, a nemi takardar cikin awa 48. A watan Disamban 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa. Duk mun tuna layukan da muka bi a rana, wasu ma suka bar aji don kada a rufe musu layi. Tun daga nan lambar wayar mutum ta ɗaure da sunansa, da hotonsa, da zanen yatsunsa.

Yana da kyau mu fahimci yadda abin yake aiki. Kiran waya na yau da kullum da gajeren saƙo suna bi ta na'urorin kamfani, don haka wanda ya sami izini ko hanya yana iya jin su. Saƙon WhatsApp kuwa, tun 2016 ake kulle shi daga wayar mai aikawa, ba ya buɗewa sai a wayar mai karɓa. Amma akwai abin da kullewa ba ta ɓoyewa, wato wa ya yi magana da wa, yaushe, na tsawon wane lokaci, kuma daga kusa da wane ƙarfen sabis. Ku ɗauka sakataren reshe ya kira shugabannin makarantu ashirin a daren Lahadi, sannan ya kira lauya da wani ɗan jarida da safe. Mai duba wannan jeri bai buƙatar jin ko kalma ɗaya kafin ya san me ake shiryawa, da su wa ke ciki. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus, waɗanda ke kutsawa cikin wayar kanta su karanta saƙo bayan ya buɗe. A 2019 kamfanin WhatsApp ya kai masu ƙera ta kotu a Amurka, yana zargin an kai wa kimanin mutum 1,400 hari da ita, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan'adam.

Hujjar tsaro, da nauyinta

Za mu zama marasa adalci idan muka yi kamar babu dalilin sa ido. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, wadda ba ta da nisa da mu idan aka bi ta Malumfashi. Babu malamin da ya ji wannan labari ya yi barci mai daɗi. Masu garkuwa da waya suke cinikin kuɗin fansa, masu ba su rahoto da waya suke yi. Idan ɗalibinmu yana hannunsu, mu ne za mu fara roƙon a bi sawun layin da suka kira da shi. Wannan aiki halal ne, kuma muna goyon bayansa.

Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin bin sawun wanda ake zargi da izinin alƙali, da kuma shimfiɗa koma a kan kowa don a ga abin da za a kama. Sannan akwai tambayar sakamako. A watan Satumban 2021 aka katse sabis a duk Jihar Zamfara, aka biyo da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da maƙwabtanmu na Malumfashi da Bakori da Funtua. Ɗan kasuwa ya kasa kiran abokin cinikinsa, mai jinya ya kasa kiran ɗan'uwa, aka dawo da sabis bayan watanni, ta'addancin bai ƙare ba. A farkon 2024 tsohon ministan sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka haɗa layuka da lambar ɗan ƙasa, ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata wajen kama masu garkuwa. Mun ba da sirrinmu a matsayin farashin tsaro, don haka muna da haƙƙin tambayar ina kayan da muka saya.

A ɗaya ɓangaren, mun ga inda ido ya fi kaifi. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta wallafa yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kiran waya suka bi ta kan abokai da abokan aikin wasu 'yan jarida har suka kama su. A watan Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda 'yan kalmomin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ba a sake shi ba sai da ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Agustan 2024 jami'an tsaro suka kai samame ginin hedkwatar uwar ƙungiyarmu ta NLC a Abuja, a watan Satumba kuma hukumar farin kaya ta tsare shugabanta Joe Ajaero a filin jirgi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, wanda ba shi da laifi me zai tsorata? Amsarmu ita ce yajin aiki ba laifi ba ne, koke a kan albashi ba laifi ba ne, sukar wanda muka zaɓa ba laifi ba ne, amma kowanne cikinsu yana iya jawo wa malami sauyin wurin aiki zuwa ƙauyen da zai cinye rabin albashinsa a kuɗin mota. Kuma abin da aka tara ba ya zama a hannu ɗaya. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan lambar ɗan ƙasa a kan naira 100 kacal. Rumbun da aka cika da sunan tsaro, idan ya tsage, ɗan damfara ne ke fara shiga.

Wasu ƙasashe sun ja layi

A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce tattara bayanan kiran jama'a gaba ɗaya ya wuce abin da doka ta ba da dama, majalisarsu kuma ta gyara dokar a shekarar. A watan Mayun 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukuncin cewa tsarin Ingila na tarar saƙonni da yawa ba shi da isassun matakan kariya. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Afirka ta Kudu. A watan Fabrairun 2021 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta haramta tarar saƙonnin jama'a gaba ɗaya saboda babu dokar da ta ba da izini, ta kuma ce dole ne a sanar da mutum cewa an saurare shi bayan an kammala bincike. A yankinmu ma, kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2022 cewa dakatar da Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa wa doka. Waɗannan hukunce-hukunce ba su faɗo daga sama ba, 'yan jarida da ƙungiyoyi ne suka shigar da ƙara suka jure shekaru.

A 2023 Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita. Ci gaba ne, sai dai dokar ta sassauta wa hukumomi a sha'anin tsaro da binciken laifi, wato daidai wurin da aka fi buƙatar linzami.

Abin da ke hannunmu

Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai. Muna ba da shawarar rassanmu biyu su rubuta takarda ɗaya zuwa ga wakilinmu da sanatan Kano ta Arewa, ta hannun shugabannin ƙungiya na jiha, a nemi abubuwa huɗu. Na farko, sauraren waya ya koma ƙarƙashin cikakkiyar dokar da majalisa ta tattauna a bainar jama'a, maimakon ƙa'idojin hukuma kawai. Na biyu, a riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara adadin takardun izinin da aka nema da waɗanda alƙalai suka ƙi bayarwa. Na uku, a sanar da wanda aka saurara bayan an rufe bincike, don ya iya zuwa kotu idan an zalunce shi. Na huɗu, a tanadi hukunci mai tsanani ga jami'in da ya yi amfani da waɗannan na'urori don siyasa ko husumar kansa.

Sai mu juyo gida, domin da ɗan gari akan ci gari. Gaskiyar magana, yawancin asirin da ya fita daga zaurukanmu na WhatsApp ba na'urar biliyoyin naira ce ta fitar da shi ba. Ɗaya daga cikinmu ne ya ɗauki hoton saƙo ya tura wa wanda yake neman fada a wurinsa. Mun san ɗan'uwan da ya yi ƙorafi a zaure da dare, kafin ƙarshen mako an kira shi an nuna masa maganarsa a wayar wani. Ya kamata kowane reshe ya tantance waɗanda ke cikin zaurensa, ya cire lambobin da ba a san masu su ba, ya kuma ɗauki fitar da zancen zaure a matsayin cin amanar da kwamitin ladabtarwa zai zauna a kai. Muhimman shawarwari a yanke su ido da ido, a ɗakin taro, kamar yadda magabatanmu suka yi tun kafuwar wannan ƙungiya a 1931.

Kowa ya sa wa wayarsa makulli, ya kunna matakin tabbatarwa na biyu a WhatsApp, kada ya ba kowa lambobin da aka turo masa ko da mai kiran ya ce daga ofis yake. A guji jabun manhajojin WhatsApp da ake turawa daga waya zuwa waya, domin ba a san wanda ya taɓa cikinsu ba. A yi hattara da manhajojin bashin gaggawa, waɗanda ke kwashe lambobin da ke cikin waya, ranar da aka makara biya su bi dangi da surukai da saƙon cin mutunci. Kada kuma a yi wa wani rajistar layi da lambarmu ta ɗan ƙasa, domin duk abin da aka aikata da layin, ƙofarmu za a ƙwanƙwasa. Magana zarar bunu ce, wadda aka rubuta kuwa ta fi wuyar dawowa. Abin da ba mu tabbatar ba kada mu tura, abin da muka tabbatar kuma mu faɗe shi cikin ladabi, ba tare da rawar murya ba.

A ƙarshe, mu ma hukuma ne a idon yaran da ke gabanmu. Rajistar aji, da sakamakon jarrabawa, da hotunan ɗalibai, da abin da uwa ta gaya mana a asirce game da lafiyar 'yarta, duk amana ce. Malamin da ya ƙwace wayar ɗalibi ya karanta saƙonninsa a gaban aji, ko ya watsa hoton yaro ba da izinin iyayensa ba, ya koya wa aji guda cewa mai ƙarfi yana da ikon leƙa asirin na ƙasa da shi. Haka maigidan da ke binciken wayar iyalinsa a ɓoye. Cikin yaran da ke zaune a kan bencinanmu a Kutama da Durun akwai waɗanda gobe za su riƙe waɗannan na'urori a Abuja. Idan muka zo darasin haƙƙin ɗan ƙasa, mu karanta musu sashe na 37 da Hausa, mu bayyana musu ma'anarsa, mu kuma bari su ga muna aiki da shi.

Muna roƙon shugaban taro ya sa batun takardar wakilanmu cikin abubuwan da za a yanke shawara a kai kafin mu tashi. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.